Abin da Duhun Zaure Ya Ɓoye

Gide mai hoto bai ko zauna kan tabarmar da Saudatu ta shimfiɗa masa ba. Ya miƙa mata waya, fuska a ɗaure.

"Dubi hotonki na ranar Juma'a."

Wata sabuwar dabara yake gwadawa a shagonsa na Sheme. Sai ya ɗauki abu sau uku, ɗaya da duhu, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya da haske, ya haɗe su a kwamfuta, duk abin da inuwa ta rufe ya fito fili. Ga Saudatu tsaye a ƙofar gidansu, rana na dukan mayafinta. A bayanta kuwa, cikin zauren da ido ya gani baƙi ƙirin, ga Abdulganiyu dillalin masara zaune, ya tuɓe takalma, da ledar tsaraba a gabansa.

"Ba ki ce mini da mutum a ciki ba."

Ta daɗe tana kallon hoton. Jira yake ta ce baƙon Baba ne, ya ƙaryata ta.

"Zance ya zo," ta ce a hankali. "Ina jin ƙarar babur ɗinka na bar shi zaune, na fito na tsaya cikin rana har ka gama ɗaukarka."



Ta mayar masa da wayar, ta sunkuya tana naɗe tabarma.

"Tun Juma'a kake leƙen duhu, Gide. Ko sau ɗaya ka tambayi kanka wa nake wa murmushin nan?"