Ranar da Kwalba Ta Yi Shuɗi

Ruwan cikin kwalbar ya koma shuɗi, ɗalibar ta kurma ihu har mai gadi ya leƙo.

Ta daɗe a ɗakin gwaji tana fama ta liƙa wani abu da ake kira nitroso a jikin wani sinadari. In ya kama, ruwan zai yi shuɗi, ta samu digirinta. Amma kullum ta haɗa nitrit da asid a kan ƙanƙara, sai ta tashi da wani ruwan laka mai wari.

Ta kira gida. "Mama, ya kama!"

"Wa?"

"Nitroso!"

"To, Allah ya sa ɗan mutunci ne."

Farfesanta, wanda ɗazu ya leƙa kwalbar ya fita yana tsaki, ya dawo a guje.

"Ban gaya miki ba? Dabarata ce! Sunana za a fara sawa a takardar binciken."

Ya sunkuya kan tebur. Daga aljihun farar rigarsa, inda bironsa ya fashe, ɗigon tawada ya faɗa cikin kofin ruwan sha. Shi ma ya yi shuɗi.

Ta kalli kofin, ta kalli kwalbar da ya leƙa ɗazu.

"Gaskiya ne, Farfesa," ta ce. "Wannan aikinka ne kai kaɗai."