Ƙasa Mai Ruwan Ɗorawa

Tun da hukuma ta rina ƙasar kowace gona da launinta, don a san asarar da zaizaya ke jawo wa kowa, in an sha ruwa mutanen tudu kan gangara su kwaso tasu. Ta Tanimu shuɗiya ce. Da hantsi ya kora jakinsa zuwa fadamar Baba Ilu, inda kwari ke juye duk abin da ya ɗebo.

"Taka tana gindin giginya," in ji tsohon.

Tanimu ya cika mangala. Sai idonsa ya kai wani gefe inda dawa ta fi ko'ina tsayi da duhun ganye. Ƙasar wurin ruwan ɗorawa ce.

"Baba, wannan fa ta wace gona ce?"

"Ta maƙabartarku ce, ita ma an rina ta. Kowace damina sai ta sauko, ba mai zuwa nema. Masu ƙiyasin hukuma sun ce yi mata shinge ba riba, tunda ba a noma ta."

A can aka binne mahaifiyar Tanimu.

Baba Ilu ya miƙo masa ƙwarya. "Sha kunu, ɗana. Na dawar nan ne."