Firam ɗin Habib

"Iya, matsa kaɗan, hannunki duk man kifi ne," in ji Habib, yana shimfiɗa takardar da farar safar hannu kamar mai ɗaukar jinjiri.

Zanen kwalekwale ne a bakin tafki, bugun Turai. Rhoda, ma'aikaciyar wata ƙungiyar agaji a GRA, ta aiko a sa masa firam. Tun gudowarsu daga Baga bai samu aiki mai daraja irin wannan ba.

Ya Kellu ta leƙo ta kafaɗar ɗanta. "Jan nan ya yi yawa."

Ya yi dariya. "Iya ke nan. Aikin manyan masu zane ne fa, ba bandar kifi ba."

Da la'asar Rhoda ta zo karɓa. Tana ganin tsohuwar, sai ta durƙusa a gabanta.

"Mama, ashe nan kike? Wata uku muna nemanki a sansanin 'yan gudun hijira. Zanen da kika yi a ajin mata ne aka buga, sa hannunki kawai ya rage."

Ya Kellu ta ƙi karɓar biron da Rhoda ta miƙo mata.

"Sai yaron nan ya sake firam tukuna. Wannan bai dace da aikina ba."