Ƙarƙashin Kujerar Baya

"Ka ɓalle tsohuwar kujerar kawai, Yaya," in ji Marlene. "So nake a gama kafin Curtis ya dawo daga Tulsa."

Ƙanwata ce, kuma kyautar bazata take shirya wa mijinta. Tsohon jirgin ruwansu, wanda suke jan masu wasan zamiya a kan ruwa da shi a tafki, take so in sa wa sabuwar kujerar baya, mai buɗewa ta zama shimfiɗar shan rana. Tun da ɗansu Toby ya nutse ba ta sake taka jirgin ba. Bana ta ce za ta daure.

Na tsugunna da guduma. Akwatin da ke ƙarƙashin kujerar an bi murfinsa da ƙusoshi.

"Wane gwanin ne ya yi wannan aika-aika?"

"Curtis mana. Wai murfin yana damunsa da ƙara."

Na zare ƙusoshin na ɗaga. A ciki akwai 'yar rigar hana nutsewa, duk ta yi fumfuna, ga sunan Toby a wuyanta da rubutun Marlene.

Na yi sauri zan rufe, amma ta riga ta gani.

"Yaya," ta ce, muryarta can ƙasa, "cewa ya yi ni na manta ban sa ta a jirgi ba. Ya rantse ya duba ko'ina ranar."

Ta ɗauki rigar ta rungume.

"Duk shekarun nan, kullum sai ya gaya min ya yafe min."