Jirgin Abban Amir

Da wuƙar yanka albasa Turai ta yi aikin, ranar Juma'a, maza duk sun tafi masallaci. Ta ɗaga gefen tamfol ɗin da aka rufe jirgin da shi, ta lalubo igiyar da ta fi kauri, ta yi ta gurzawa har ta rabu biyu. Ta haura sama da gudu, ta tsaya tana wanke wuƙar kamar da jini a jikinta.

Ɗan jirgin ruwa ne mai tafiya da iska. Mijinta, Injiniya Mu'azzam, ya saye shi a hannun wani Bature da kwangilarsa ta ƙare, ya girke shi kan tirela a rumfar motoci, a tsakiyar Riyadh inda ko kududdufi babu. Da kaɗan ya fi motarsu tsawo.

Tana bayan ƙofar kicin ranar da abokansa suka sa shi a gaba. Dakta Ismail ya yi dariya har da buga cinya.

"Daga Yanbu har Jizan a wannan bahon wankan? Haba Injiniya! Iska ɗaya za ta kifar da kai."

"Wallahi hutun nan sai na yi tafiyar," in ji Mu'azzam. "In ban yi ba, ku daina kirana namiji."

Sau ɗaya ta iya buɗe baki ta tambaye shi ko jirgin zai jure. Bai ɗago ba, ya ce ita dai ta yi addu'a. Ta yi. Ta kuma duba a waya, ta ga jiragen da suka ninka nasu teku yana wasa da su kamar ɓawon gyaɗa. Ta dubi ɗansu Amir, wanda ko yaye ba a yi masa ba.

Da hutun ya matso, Mu'azzam ya daina cin abinci, ta ce ɗoki ne. Ta kakkaɓe farar ƙura daga wandonsa kafin wanki, ta ce ta wurin aiki ce.

Asabar da safe ya hauro yana huci. An lalata jirgi, tafiya ta fasu. Ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya a waya yana ɗaga murya. Turai ta sunkuyar da kai a kan tukunya, ba ta tambayi abin da aka lalata ba, tun da ta sani. Da rana ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari.

Dakta Ismail ne ya tambayi wanda ke riƙe da makullin rumfar. Ban da Mu'azzam da iyalinsa, mutum ɗaya ne: Baba Bachir mai gadi, dattijon Tawa ta Nijar, wanda yake hauro mata da tukunyar gas har hawa na uku, ya ƙi karɓar ko riyal. Magana ta kai kunnen mai ginin, wanda shi ne kafilin Baba Bachir, wato mai riƙe da takardun zamansa a ƙasar. Balaraben bai tsaya dogon bincike ba. Ya ce huruj: a sallame shi, ya koma ƙasarsu. Mu'azzam yana tsaye a wurin. Bai zarge shi ba, bai kuma kare shi ba.

Washegari ta yi kiciɓis da tsohon a matakala, yana shara kamar kullum.

"Ɗiyata, ki yafe mini in na taɓa saɓa miki," ya ce. "Amma ki hwaɗa wa Injiniya, ni ko tamfol ɗin ban taɓa ɗagawa ba."

Ta wuce shi, fuskarta a cikin mayafi. A ɗaki ta tuna tsohon ya taɓa gaya mata 'ya'ya mata biyar ke cin guminsa a gida. Ta ɗora abinci ya ƙone. Ta tayar da salla, ta rasa a raka'a ta nawa take.

Bayan la'asar ta sami Mu'azzam a falo, talabijin a kashe, yana kallon bango. Ta durƙusa nesa da shi.

"Abban Amir, kada a kori Baba Bachir. Ni ce."

"Tashi, Turai. Ba ke ba ce."

"Wallahi ni ce. Tsoro nake kada teku ya cinye ka. Da wuƙar kicin na yanke igiyar."

Ya juyo a hankali. "Wace igiya?"

Ta kwatanta masa da hannu, hawaye na zuba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kawar da ido. Ya ɗauki wayarsa ya nemo lambar mai ginin, amma bai danna ba tukuna. Da ya yi magana, da ƙyar ta ji shi.

"Ni ko a dam ɗin Tiga ban taɓa bari ruwa ya wuce gwiwata ba. Ban ma ga igiyarki ba, Turai. Tun ranar Alhamis na huda ƙasan jirgin."