Tela da Tsohon Akawal

Akwai wani tela a garinmu da sha'awar doki ta kama shi yana da shekara arba'in da bakwai, alhali bai taɓa hawan abin da ya wuce jaki ba. Duk kaka in an gama girbi, masu dawaki kan shirya wa sababbin mahaya 'yar gasa: a zaga gonaki, a tsallake shingen kara biyar da ba su kai ƙugu ba, a ratsa rafi, a dawo bakin kasuwa. Shekara uku yana tsayawa cikin 'yan kallo, a ta huɗu ya ce shi ma sai ya shiga. Ya soma ajiye kuɗin ɗinkin sallah a gefe. Da yake an gaya masa sayen doki ba shi ne aiki ba, riƙonsa ne, sai ya fara ware na harawa da dusa da kanwa na shekara guda, da na likitan dabbobi, da na sirdi da linzami. Abin da ya rage shi ne kuɗin dokin kansa, kuma bai taka kara ya karya ba.

Ranar kasuwa dillali ya nuna masa dawaki biyu. Ɗaya bikili ne, ja, ɗan shekara huɗu, wuya a tanƙware, yana tonon ƙasa da kofato, kuɗinsa daidai aljihun tela har da saura. Ɗayan akawal ne, baƙi wuluk, mai shekara goma sha huɗu, furfura ta fara fito masa a saman ido, yana tsaye yana gyangyaɗi. Kuɗinsa ya kusa ninka na bikilin. Tela ya ɗauka ba'a ake masa. Mai akawal ɗin, wani dattijo da ciwon gwiwa ya hana shi hawa, ya ce, "Malam, ba gudu nake sayar maka ba. Dokin nan ya ratsa rafin can sau tara. Mutum shida sun koyi hawa a bayansa, ba wanda aka kai wurin mai ɗori." Tela ya gwada bikilin, sai da mutum biyu suka riƙe masa kai kafin ya iya ɗora ƙafa. Ya gwada akawal, ya ji kamar ya zauna a kan tabarmar zaurensa. Ya sauka ya tsaya yana duban ƙafarsa ta dama, wadda ke taka keken ɗinki, wadda mutum takwas ke ci da ita.

Dillali ya ba shi shawara ya cika kuɗin akawal ɗin da na harawa, Allah zai kawo wani. Tela ya ƙi, ya ce doki ba ya cin alkawari. Ya koma gida hannu rabbana, gasar bana ta wuce yana kallo, ransa ba daɗi. Ya haƙura da sabon sirdi, ya sayi na hannu ya gyara ɗinkinsa da kansa. Sai bayan babbar sallah kuɗin suka cika, ya je gidan dattijon yana tsoron ko an riga an sayar, ya tarar dokin na nan a turke. Da ya jawo shi cikin gari, abokansa na majalisa suka yi ta dariya, suna cewa tela ya sayo kakan dawaki. Kullum bayan la'asar yakan rufe shago ya hau, har cinyoyinsa suka daina ciwo.

Ranar gasa mahaya goma sha ɗaya suka tashi. Tela ya tsallake shinge huɗu lafiya, a na biyar ƙafarsa ta zame daga likkafa, kuma daga nan gangaren rafi ne. Kafin ya farga ya kifa a wuyan dokin, linzami ya suɓuce masa, yana kallon duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa suna matsowa. Ya yi salati, ya saddaƙar. Dawaki suna wucewa a guje hagu da dama, suna watsa musu ruwa, kuma kowa ya san doki in ya ga 'yan'uwansa na gudu ba ya son a bar shi baya. Akawal ya rage tafiya, ya tsaya cak a tsakiyar rafi, ruwa iya gwiwa. Ya ɗaga wuya a hankali har tela ya koma kan sirdi. Ya jira shi ya laluba likkafa, ya kamo linzami, sannan ya haura gaɓa da sassarfa.

Tela ya zo na tara. Ba kyauta, ba tafi. Ya sauka da ƙafafunsa, ya jingina goshinsa a wuyan dokin. Wani daga cikin 'yan majalisa ya matso ya tambaye shi ko bai yi asarar kuɗinsa ba, tunda ga shi kusan na ƙarshe. Tela ya ce, "Kai ka ga inda muka ƙare. Ni na ga inda muka tsaya." Ya kwance sirdi, ya tafi nema wa dokin ruwa da kanwa.

Hausawa ba su faɗa a banza ba: da tsohuwar zuma ake magani.