Mai Fenti da Jarabawar Igiya

Mai fenti ya sha faɗa a gaban kowa cewa duk garin nan babu bangon da ya fi ƙarfinsa. Shekara ashirin da biyu yana hawa bene, bokiti a hannu ɗaya, buroshi a ɗaya, ko ƙadangare sai ya sara masa. Bai taɓa faɗowa ba, in ji shi. To, ban da ranar da benci ya juye da shi a kicin, amma wannan ai laifin kafinta ne.

Bakin nan ne ya ja masa. 'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, ma'aikaciyar jinya ce, kuma tana cikin wata ƙungiya ta masu hawan dutse. Ta cika musu kunne da labarin babanta, har ta rubuta sunansa a fitar da za su yi ranar Asabar. Sai dai ba sa ɗaukar baƙo sai ya ci jarabawa a ɗakin atisaye: ya ɗaura ɗamara a ƙugu, ya ƙulla igiya, ya riƙe wa wani ya hau bango, shi ma ya hau ya sauko.

Ranar jarabawar 'yar tana wurin aiki. Da la'asar ta dawo da murnarta, ta tarar da shi a falo ko takalmi bai cire ba. Gaban rigarsa fari fat da hodar da masu hawa ke shafawa a tafi, yana shan ruwa ya riƙe kofi da hannu biyu.

Ta tambaye shi yaya aka yi. Ya kalli ƙasa ya ce ba ya cikin masu tafiya. Matarsa ta leƙo daga kicin, ta jingina da ƙofa.

Ba laifinsa ba ne, in ji shi. Ƙullin nan mai kama da lamba takwas sau ɗaya aka nuna masa ya iya. Matsalar ita ce biyu-biyu ake haɗa mutane, shi kuma aka haɗa shi da wani malamin makaranta, sa'ansa, mai shegen cika baki. Suka duba ƙullin juna yadda ƙa'ida ta ce, malam ya kama bango, shi ya riƙe igiya daga ƙasa.

Hawa kam malam ya hau, kamar biri, har ana yi masa tafi. A saukowa ne aka ji kunya. A wurin nan ba a saukowa kamar daga tsani. Sai ka saki bango da hannu biyu, ka jingina baya, ka zauna a kan iska, na ƙasa yana sassauta maka igiya a hankali. Malam ya ce atafau. Wai tunda yake bai taɓa sakin abin da ya riƙe a sama ba.

Minti arba'in yana maƙale. Ƙafarsa na rawa kamar mai taka keken ɗinki, gumi na shiga masa ido ba halin sharewa. 'Yan mata sa'annin 'ya'yansa suna ƙasa suna cewa Baba ka saki, ba abin da zai faru. Ƙarshe kocin da ke koya musu hawan ne ya hau ta wata igiyar, ya ɓamɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, aka sauko da shi kamar buhun siminti. Kafin nan lokaci ya ƙare, shi mai fenti ko taɓa bangon bai yi ba.

Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce Allah sarki, ko da wane ido zai kalli iyalinsa. Mai fenti bai taya ta dariyar ba.

'Yar kuwa ranta ya ɓaci. Ta ce wannan zalunci ne, ba za a hana babanta tafiya saboda tsoron wani ba. Ta ciro waya tana neman lambar koci.

"Bar wayar nan, Uwata," ya ce da sauri. "A rufa wa bawan Allah asiri. Ba ki ga halin da ya shiga ba. Duk duniya ba abin da ke gabansa sai sheƙar wata tantabara a bayan ƙarfen rufi, ƙwai biyu a ciki, ɗaya ma ya tsage. Shi ya yi ta kallo."

'Yar ta tsaya da waya a hannu. Ta san bangon nan, ya fi bene hawa uku. A hankali ta kife wayar a kan cinyarta, ta sunkuyar da kai.

Matarsa ce ta goge hannu da gefen zani, ta tako cikin falon.

"Baban yara, kai da kake ƙasa riƙe da igiya, ta ina ka ga ƙwan ya tsage?"